Zalunci: Kalmar da Ta Girme Mu

Mu nan Zugurma, da an ce "zalunci" sai hankalinmu ya tafi kan 'yan bindiga. Alhali kalmar ta daɗe. Daga Larabci muka aro ta, malamai kuma suka fassara ta da ajiye abu inda ba muhallinsa ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ɗaga tutar jihadi a 1804, ya lissafa jangali, kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙ. Amma jikansa Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim sun yi ta kamen bayi har Turawa suka ci garin a 1901. A bakin waɗanda aka kama, sunan abin bai canza ba.

Yau mai tauye mudu da mai cin gādon marayu a cikinmu, wane suna za mu ba aikinsu? Allah Ya tsare mu.