'Yandoto, Birnin Malaman Da Muka Manta

Jama'a, a ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni, Bolonya, wanda suke wa kirari da "mai ilimi", don jami'arsa ta faro tun 1088. Mu ma a Zamfara muna da irinsa: 'Yandoto, kusa da Tsafe.

Tun kafin jihadi 'Yandoto matattarar malamai ce, almajirai na zuwa daga nesa ɗaukar karatu. Tarihin baka ya ce daga nan Korau ya fito, ya kada Sanau a kokawa, ya hau gadon sarautar Katsina. Kun ga ke nan ba ƙaramin gari ba ne.

Da jihadi ya taso, yawancin malaman garin suka ƙi bin Shehu. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, malamai suka watse. Abin da ya fi ci mini rai shi ne littattafan. Wace hujja suka kafa? Me suka karantar? Labarinsu ya fi iso mana ta alƙalamin waɗanda suka ci su, kuma a ganina shari'ar da aka ji bakin mutum ɗaya ba ta cika ba.

Daga wannan yanki Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau, shi ya sa har yau sarautar ake ce mata Sarkin Katsinan Gusau. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ta zama babban birnin jiha a 1996. 'Yandoto kuwa, matafiyi kan wuce ta a mota bai ko waiga ba.