Daga Wuƙar Gaya Zuwa Batman: Tsohuwar Gardama Kan Jarumai

Duk wanda ya saba zama a majalisar samari, a Gafasa ne ko Ajingi ko a zauren WhatsApp, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: tsakanin Batman da Superman wa ya fi? Captain America ne ke da gaskiya ko Iron Man? Dattawa kan ɗauke ta shirmen yaran da waya ta ɗauke wa hankali. Amma in aka bi sawu, abin da ake jayayya a kansa ya daɗe a adabinmu. Tambaya ce guda: me ya kamata mai ƙarfi ya yi idan ya tsaya gaban mai mulki?

Jarumanmu na farko ba su sha wannan wahala ba. Labarin Bayajidda ya ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita, daga nan ya auri sarauniyar Daura. Littafin Tarihin Kano kuma ya ce Barbushe na Dala kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, kuma shi ne shugaban mutanensa. A irin waɗannan labarai ƙarfi da mulki a hannu ɗaya suke. Rigima takan taso ne ranar da suka rabu.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da suka yi nasara akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. An buga shi a 1934, shekara huɗu kafin Jerry Siegel da Joe Shuster su fito da Superman a Amurka. Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, garin da Turawa suka ci a 1901. Ya yaƙi Nasara, ya yi gabas, ya faɗa duniyar aljanu yana sara da suka tare da ɗansa Garba Gagare. Da ya dawo gida sai ya tarar mulkin Turawa ya kafu, ya kuma yi na'am da shi.

A kan wannan ƙarshe ne masu karatu suka rabu. Wasu na ganin marubucin ya ci amanar jaruminsa: ta yaya mutumin da ya cika littafi da kirari zai ƙare da yabon wanda ya kore shi daga gida? Wasu kuwa na cewa a duba wanda ya shirya gasar da wanda zai buga littafin. A ganinsu Bello Kagara ya yi dabara, ya biya kuɗin fito da 'yan shafukan ƙarshe don ya tsallakar da babban kaya, wato labarin Bahaushen da ya tsaya gaban bindigar Bature bai gudu ba.

A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya daɗe ana karantawa a makarantun Arewa. Iliya ya tashi gurgu, baƙi suka zo ya sami lafiya da ƙarfin da ya wuce misali, ya hau dokinsa Kwalele ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Sarkin ya saka masa da kurkuku. Da abokan gaba suka taso wa birnin, Iliya ya fito ya kare shi. Asalin labarin na Rasha ne: Iliya shi ne Ilya Muromets, Waldima shi ne Vladimir, Kib kuwa birnin Kiev ne, amma Ingawa ya sa musu rawani har yawancin masu karatu ba su taɓa zargin baƙi ba ne.

Nan ma ra'ayi biyu ne. Masoya Iliya na cewa shi ne cikakken jarumi, domin ya gane talakawan Kib ba su ne suka ɗaure shi ba, bai kuwa bar su su biya bashin sarkinsu ba. Masu suka na cewa irin wannan haƙuri ne ke sa azzalumi ya miƙe ƙafa, tunda ya san ko ya wulaƙanta bardensa, gobe zai kira shi ya amsa.

Yanzu a dubi na Amurka. A 1986 Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, inda Batman ya tsufa ya bijire wa hukuma, gwamnati kuma ta turo Superman ya murƙushe shi. Wasu na ɗaukar wannan jeri a matsayin mafi kyawun labarin Batman, wasu na cewa ya mai da Superman ɗan koren gwamnati, Batman kuma mai taurin kan da ba ya jin kira. A Civil War na Mark Millar da Steve McNiven, wanda ya fito daga 2006 zuwa 2007, an kafa dokar da ta tilasta wa masu baiwar ƙarfi yin rajista. Iron Man ya bi doka, Captain America ya ƙi, amma da ya ga ɓarnar da faɗansu ya jawo wa jama'a sai ya miƙa kansa. Wanda ya ji haushin ƙarshen Ganɗoki ya san irin ɗacin da masoyansa suka ji.

Wani lokaci ma masu karatu ne ke yanke hukunci. A 1988 kamfanin DC ya ba su lambobin tarho biyu su zaɓi ko Jason Todd, yaron Batman, ya rayu ko ya mutu. Masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal, 5,343 da 5,271.

Jinin Ganɗoki bai ƙare ba. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun riƙe kasuwar Kano shekaru, yau kuma ana karanta irinsu ana saurare a waya. Sai dai da yawansu sun fi ba da ƙarfi ga yawan kawunan da jarumi ya sare. A ɓangaren zane kuwa, Roye Okupe ya fitar da Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko haskensa daga Amina ta Zazzau, da Turanci.

Matashin da ke son zana jarumi Bahaushe ba ya rasa kayan aiki. Amma girman damtse da tsawon takobi ba su ne suka sa ake tuna Ganɗoki da Iliya ba. An tuna su ne saboda kowannensu ya zo mararrabar da biyayya da gaskiya suka rabu, ya ɗauki hanya guda, ya bar masu karatu suna musu har jikokinsu.