Masaukin Mai Bincike da Nazarin Bambancin Asali a Indiya

A shekarar 1948 masanin zamantakewa M. N. Srinivas ya zauna a ƙauyen Rampura da ke kusa da Maisur. Daga wannan zama ya fito da ra'ayin da masana zamantakewa ke aiki da shi har gobe: kowane yanki yana da jati (rukunin asali da ake gada) mai rinjaye, kuma ba dole ba ne ya zama na Barahman, waɗanda ke saman jerin. A Rampura manoman Okkaliga ne ke da gonaki, su ke da yawan jama'a, su ke riƙe da sarautar gari. Fahimta ce mai nauyi, domin ta ciro nazarin asali daga littattafan addini ta kai shi gona.

Sai dai Srinivas kansa Barahman ne, kuma mai gari ne ya ba shi masauki. A littafinsa na 1976 bai ɓoye cewa ya fi sanin ƙauyen ta wajen manyansa ba. Unguwar Dalit, waɗanda ake ajiyewa a ƙasan jerin, tana gefen gari. Idan baƙon mai gari ya iso ta da takarda da alƙalami, ɗan ƙwadagon da zai koma gonar mai garin gobe da safe ba zai ba shi labarin bashin da ya gada ba. Zai gaishe shi da ladabi, ya ce lafiya lau ake zaune.

Ita ma hukuma gefe ɗaya take dubawa. Ƙidayar 1931 ce ta ƙarshe da aka wallafa adadin kowace jati. Ta 2011 ta nuna Dalit kashi 16.6 cikin ɗari ne na al'umma, ta yi shiru a kan manyan jati. Sai a 2023 jihar Bihar ta ƙirga nata, ta tarar manyan jati ba su kai kashi 16 ba. A ganina wannan ne babban giɓi: an daɗe ana auna wahalar Dalit, ba a auna ribar wanda ke cin moriyarta ba.

Shi ya sa aikin Sukhadeo Thorat da Paul Attewell na 2007 ya fi gamsar da ni. Sun aika wa kamfanoni masu zaman kansu takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, suna kawai suka sauya. Masu sunan Dalit ba su samu kira kamar masu sunan manyan jati ba. A nan mai ɗaukar aiki ne ake bincika, kuma bai samu damar gyara magana ba.

Rashin irin wannan hujja yana kaiwa har kotu. A 2006 aka kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya na Dalit a Khairlanji, jihar Maharashtra. Yawancin maharan 'yan jatin Kunbi ne, waɗanda doka ta sa a jerin masu koma baya, alhali a ƙauyen su ke da ƙasa da faɗa a ji. A 2008 kotu ta samu mutum takwas da laifin kisa, amma ta ce ramuwar gayya ce, ta ƙi amfani da dokar 1989 da aka yi domin kare Dalit daga cin zarafi.