Kiɗan Dandali a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Tun kafin a san tikiti da ɗakin wasa, manoman Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, suna da nasu bikin kiɗa wanda ba a biyan kuɗin shiga. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, sai dandali ya cika: ga kalangun 'yan dambe, ga gangar noma, ga 'yan mata da gaɗa. Mai hali ya yi wa makaɗi kyauta, marar hali ya saurara. Tambayar ita ce, yaya wannan al'ada ta tsira a tsakiyar ƙasar Jihadi?

Bayan cin Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A wannan zamani ne malaman biyu suka yi muhawara a rubuce kan hukuncin kiɗa. Abdullahi ya tsananta. Shehu kuwa, a littafinsa Najmul Ikhwan na 1812, ya nuna cewa malamai sun saɓa a kan wasu kayan kiɗa, don haka bai kamata a ƙuntata wa jama'a a inda akwai saɓani ba. Abin da aka fi yaƙa shi ne bori da cuɗanyar maza da mata. Kiɗan da ke rataye da sana'a kuwa ya ci gaba a ƙauyuka, har ya haifar da irin su Ɗan Anace, mawaƙin 'yan dambe.

Bikin zamani ma daga wannan tushe ya tsiro. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka tarbe shi da su da wasanni, abin da ya zama bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Abin lura shi ne, gwamnati na iya shirya biki na kwana huɗu, amma makaɗin noma a gona yake koyo, na dambe kuma a fage. Duk ma'aikacin da aka ɗora wa raya al'adu, ya kamata ya fara da tsare dandalin ƙauye, domin can ne makarantar.