Manhajojin tsara aiki na «ajil»: mene ne su, wacce ta dace da Maraɗi?

«Ajil» hanya ce ta tafiyar da aikin ƙera manhaja, inda ake raba babban aiki ƙanana-ƙanana, a riƙa nuna wa mai aikin abin da aka gama kafin a ci gaba. Sunan ya bazu ne tun watan Fabrairu na 2001, lokacin da masana 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar ƙa'idojinta.

Hanyoyi biyu

Scrum ita ce wadda aka fi sani. Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da ita a 1995. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, kuma kullum ƙungiyar na yin taron minti 15 don kowa ya san inda aka kwana. Kanban kuwa daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan ta samo asali. Allo ne mai layi uku ko fiye: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki kati ne da ake matsarwa daga wannan layi zuwa na gaba.

Manhajojin da aka fi amfani da su

Jira, wadda kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fitar a 2002, tana lissafin zango, tana bin diddigin kurakurai, tana nuna aikin da ya rage. Kyauta ce ga ƙungiyar da ba ta wuce mutum 10 ba. Trello ta fito a 2011, Atlassian ya saye ta a 2017 kan dala miliyan 425. Ta fi sauƙin koyo, kuma a wayar salula ana iya gyara kati ko rezo ya ɗauke, in ya dawo sai ta daidaita da kanta. Redmine, Taiga da Kanboard kuwa lambarsu a buɗe take: kowa na iya saukewa ya girka a kwamfutarsa ba tare da biyan ko dala ba.

Me za a duba a nan gida?

A ce matasa huɗu a unguwar Zariya, waɗanda suka fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, suna ƙera manhajar rajistar kuɗin ruwa ga manoman fadamar Jiratawa, ɗayansu kuma a Tibiri yake kwana. Abu na farko shi ne kuran da intanet. Ba a manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Jira a intanet take, in babu rezo, allon aikin ya yi nisa. Kanboard da aka girka a kwamfutar ofis tana aiki a kan wifi na cikin ɗaki, sai dai na Tibiri ba zai gan ta daga gida ba. Abu na biyu kuɗi ne: in ƙungiya ta girma, biyan wata-wata da dala ko yuro yake, galibi da katin banki. Na uku, a tambayi inda bayanan manoman za su zauna, da wanda ke ajiye kwafinsu.

Abin lura

Manhaja ba ta tsara aiki da kanta. In ba a matsar da kati ranar da aka gama aikin ba, allon zai nuna abin da ba haka yake ba, mai aikin kuma ya yi ta jiran abin da ba a ko fara ba. Ƙungiyar da ke farawa za ta iya gwadawa da allon bango da ƴan takardu na sati biyu. In ɗabi'ar ta zauna, sai a zaɓi manhaja.