Gidan Maƙeri a Kan Hanyar Shanun Sikotland

A ƙarni na 19 makiyayan Sikotland kan koro shanu daga tsaunuka zuwa kasuwar Falkirk, dillalai su saya, a tsallaka da su Ingila a ƙasa. Hanya na cin kofato, sai an biya ta maƙera an buga wa shanun takalmin ƙarfe, biyu a kowace ƙafa, tunda kofaton saniya rababbe ne.

Gidan maƙerin ƙauye a jikin maƙera yake. Yaron da ke koyon ƙira nan yake ci, nan yake kwana. Manoma kuwa sai bayan girbi su biya bashin gyaran garma, ka ga kuɗin baƙon makiyayi ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Da jirgin ƙasa ya karɓe jigilar shanu, wannan ciniki ya mutu, gida ya koma dogaro da dawakin noma.