Faɗuwar Samari a Fagen Wasa

Tun zamanin da samarin ƙasar Daura ke taruwa a dandali bayan kaka domin kokawa da dambe, idan ƙaƙƙarfan saurayi ya yanke jiki ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, jama'a kan jingina al'amarin ga sammu ko iskoki, malamai kuwa su ce ajali ne. Haƙiƙa ajali gaskiya ne, amma Shari'a ba ta hana binciken sababi ba, likitoci kuma sun bayyana cewa sau da yawa naman zuciya ne ke yin kauri ta hanyar gado, har bugunta ya rikice ana tsakiyar gudu.

A fagen ƙwallon ƙafa ma an ga irin wannan faɗuwa: ranar 12 ga Agusta 1989 ɗan wasa Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas, Nijeriya na karawa da Angola. Wanda ya fi ciwo shi ne na garin Lafiya, ranar 8 ga Maris 2020, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa da Katsina United, motar asibitin filin ta ƙi tashi, alhali a irin wannan hali jinkirin mintuna kaɗan ya isa a rasa rai.